Tuƙin jirgin sama a China: me zan tarar?

Ka tambaya ko lasisinka na ATPL, wato babban lasisin tuƙin jiragen sufuri, ya isa ka fara aiki da kamfanin China. Bai isa ba. Sai CAAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta China, ta ba ka nata, bayan ka ci jarrabawar rubutu da ta na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan gwajin lafiya. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, domin likitocinsu na bincike har tsakuwar ƙoda. Ka je a duba ka a gida tukuna.

A sararin samaniyarsu da mita ake ba da tsayi. Idan aka ce mita 10,700, ƙafa 35,100 za ka saita, kada ka saka 35,000. Jadawalin juya mita zuwa ƙafa ya zauna a gabanka. Masu kula da zirga-zirga kuma Sinanci suke yi da matuƙansu, don haka ba za ka ji abin da aka faɗa wa jirgin kusa da kai ba.

Mataimakinka zai iya ganin kuskure ya yi shiru saboda girmama kyaftin. Tun kafin tashi ka ce masa ya yi magana, kuma kada ka gyara shi gaban mutane.

Abincin halal kuwa, nemi shagunan taliyar Lanzhou, wato taliya irin ta birnin Lanzhou na China.