Amsa: Da gaske ana aure ta wasiƙa a wancan zamanin?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne mace ta auri wanda ba ta taɓa gani ba, kamar yadda ake yi a littattafan soyayyar nan na zamanin da Turawa ke kutsawa yammacin Amurka. Ƙwarai kuwa, an yi.

Dalilin shi ne ƙarancin mata. Da aka gano zinare a Kalifoniya a 1848, maza ne suka yi tururuwa can. Sai dokar filaye ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160. To gwauro shi kaɗai a daji, ga gona ga shanu, ina zai sa kansa? Sai ya sa talla a jarida yana neman mata, a yi ta musayar wasiƙu, ya aika kuɗin tafiya. Abin da ya fi burge ni ma, dokar ta yarda macen da ba ta da aure ta karɓi fili da sunanta, in ta kai shekara 21.

Inda marubutan ke shafa wa labarin zuma shi ne wahalar. Tafiya a keken shanu zuwa Oregon takan ci wata huɗu zuwa shida, kwalara na kashe mutane a hanya. Kuma filayen nan da masu su, 'yan asalin ƙasar da aka kora da bindiga. Littafin da ya maishe su dodanni kawai, ni ajiye shi nake yi.