Ku Tambaya Mu Amsa: Kogin Gada da Gulbin Maraɗi, ɗaya ne ko biyu?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a raba mana gardama. Ni na ce ruwan dam ɗin Jibiya shi ne dai wanda ke wucewa Maraɗi, abokina direba ya rantse wai kogi biyu ne tunda sunansu ma daban. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatunku a Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya malam, amma kar ka cika yi mashi dariya don sunan ne ya ruɗe shi, kuma ba shi kaɗai ba.

Kogi ɗaya ne. Nan cikin jihar Katsina yake tasowa, ya nufi arewa, mu nan Gada muke ce mashi, kuma kanshi ne aka yi dam ɗin Jibiya, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 140. Da ya tsallake boda sai ya koma Gulbin Maraɗi, ya bi ta wajen Madarunfa mai tafkin nan, ya wuce Maraɗi da Tibirin Gobir da Gidan Rumji, daga nan ya karkato ya dawo Najeriya ta jihar Sakkwato ya faɗa Rima. Ka ga yawon Nijar kawai ya je ba fasfo ba biza.

To me ya sa sunan Maraɗi ya fi fitowa a taswira? Garin ne ya yi ƙarfi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulkinsu a Maraɗi bakin wannan kwarin, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce mashi. Faransawa da suka zo suka tarar da sunan sai suka rubuta shi da irin bakinsu. Kuma gulbin bai bar garin ya huta ba fa, a 1945 ambaliya ta cinye tsohon gari har sai da aka maida shi kan tudu.

In ka je da rani kana iya cewa ƙarya muke, yashi ne fari fat, yara na ƙwallo a tsakiya, masu lambu na tona rami kaɗan ruwa ya tsattsafo su ba albasa da tumatir. Sai damina ta kankama zai nuna ko shi wane ne.

Ni a ganina wannan rabon sunan ne ke sa mu manta duk abin da aka tare a Jibiya manomin Maraɗi na ji a jikinshi. Gwamnatocin biyu dai sun sani, don yarjejeniyar rabon ruwa da suka sa ma hannu a Maiduguri a 1990 ta ambaci kogin nan da sunayenshi duka biyu. Sai ka gaya ma direba ya sayi shayin majalisa.