Wanda ya taɓa zaman kaso zai iya tsayawa konseye?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Maradi ne. Shekarun baya faɗa ya haɗa ni da wani a tasha, aka ɗaure ni wata takwas. Yanzu mutanen unguwa suna cewa in zaɓe ya zo ni za su tsayar konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma, wasu kuma suna cewa wanda ya shiga kaso ya gama da takara har abada. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, masu cewa "har abada" sun zarce. Dokar zaɓe ta 2017, wadda da ita aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, ba ta kori duk wanda ya taɓa kwana a kaso ba. Aya ta 8 ta hana rajistar zaɓe ga wanda aka yanke wa hukunci na ƙarshe a kan babban laifi irin kisan kai, da kuma wanda aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye, zama na zahiri, a kan laifin da bai kai wancan ba, muddin kotu ba ta wanke sunansu ba. Wanda ba ya cikin rajista kuwa ba ya takara. Wata takwas a kan faɗa bai kai wannan iyaka ba. Haka ma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, ko tsarewar da aka yi wa mutum kafin shari'a aka sallame shi.

Amma ka nemo takardar hukuncinka ka karanta da kyau, ko ka kai wa lauya. Abin da ake dubawa shi ne abin da alƙali ya yanke, ba kwanakin da ka zauna ba. Idan shekara ɗaya aka yanke maka, aka yi maka sassauci ka fito a wata na takwas, to ayar ta kama ka. Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Marigayi Hama Amadou, tsohon firaministan Nijar, yana cikin fursunonin da shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa afuwa a Maris 2020, lokacin korona, amma a Nuwamba na wannan shekara Kotun Tsarin Mulki ta ƙi takararsa ta shugaban ƙasa saboda hukuncin shekara ɗaya da ke kansa. Afuwar shugaban ƙasa tana buɗe ƙofar kaso ne kawai, hukuncin yana nan a rubuce. Abin da ke share shi shi ne wanke suna ta hanyar shari'a, ko dokar yafiya ta gaba ɗaya.

Sai dai fa a yanzu babu kujerar da za ka nema. A Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, suka naɗa wakilai masu riƙon ƙwarya, har da birnin Maradi, kuma a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Ranar da zaɓe zai dawo, dokar da ke aiki a lokacin ita ce za ta yi hukunci, kuma tana iya zuwa da sababbin sharuɗɗa.

Shawarata, kada ka jira a buga gangar zaɓe. Ka je jastis na inda aka haife ka ka ciro kaziye, wato takardar da ke nuna hukunce-hukuncen da aka taɓa yanke wa mutum, ka ga abin da aka rubuta a kanka tun yanzu. Wadda za ka saka a takardun takara dole ta zama sabuwa, wadda ba ta wuce wata uku ba, don haka sai ka sake ciro wata idan lokaci ya yi.