Kafin ka sayi amya, ka ƙirga bishiyoyi

Tambaya: Ina saro zuma ina sayarwa. Yanzu ina so in kafa amya 40 a wani fili da na saya a bayan gari. Bishiyoyi kaɗan ne a wurin, amma an ce in riƙa ba ƙudan zuman ruwan sukari. In zuba kuɗina?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Amma ka dakata tukuna.

Abu biyu ke kai ƙudan zuma kan fure. Na farko ruwan zaƙin da ke cikin furen. Shi suke tsotsowa su zuba a saƙa, su yi ta fifita da fukafukai har ruwan jikinsa ya ragu zuwa kamar kashi 18 cikin 100, sannan su like da kaki. Zumar da kake sayarwa ke nan, rumbunsu ce ta lokacin da fure ya yanke. Na biyu garin fure, wannan rawayan da za ka gani dunƙule a ƙafafunsu na baya idan ka tsaya bakin amya da hantsi. Da shi ake rainon 'ya'ya. In babu shi, sarauniya ta rage ƙwai, ma'aikata su ƙare, wata rana ka tarar sun tashi sun bar maka amya fayau.

Sukari ba ya maye gurbin garin fure. Yana ceton su a lokacin yunwa, shi ke nan. Wanda kuwa ya ɗura musu sukari ya tatsa ya kai kasuwa da sunan zuma, algus ya yi, kuma sunanka ya fi ƙarfin wannan.

Ka zagaya filin, kilomita 2 zuwa 3 ta kowane ɓangare, don a nan suka fi yin kiwo. Akwai gawo, mangwaro, kaɗanya, ɗorawa? Waɗannan ke riƙe su da rani. Da damina akwai gonakin riɗi ko kabewa? Ka tambayi manoman yaushe suke feshin maganin ƙwari, domin feshi a kan fure yana kashe su birjik.

In wurin ya yi, fara da amya 5, ka ajiye musu ruwa kusa, ka ga abin da shekara za ta ba ka. In bai yi ba, ka haɗa gwiwa da mai amya a ƙauyen da ke da itatuwa: kai jari da kasuwa, shi kulawa, ku rubuta rabon riba a gaban shaidu. Kuma ka gindaya masa sharaɗi, saƙar da aka like kaɗai zai ciro, don wadda ba ta nuna ba tana yin kumfa da tsami a jarka.