Ƙaramin kibod na wasa: na 60% ko na 65%?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce teburinka a ɗakin haya na Yelwa ƙarami ne, kana buga wasan kwamfuta na harbi Counter-Strike 2, kuma kana son sanin ko kibod na 60% zai ishe ka wasa har da rubutun furojet. Shawarata ita ce ka ɗauki na 65%, kuma ka tabbatar irin wanda ake zare suwic ɗinsa, wato ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, ba tare da narka dalma ba ne.

Cikakken kibod yana da maɓalli 104, faɗinsa kuma ya kai wajen santimita 44, alhali na 60% maɓalli 61 gare shi a cikin kimanin santimita 30. Wannan filin da ya ragu shi ne ribar gaba ɗaya, domin maus yana samun wurin yawo, hannun dama kuma ya daina bugun gefen kibod. Da wannan lissafin na sayi na 60% shekara uku da suka wuce, kuma a wajen wasa bai taɓa ba ni kunya ba. Ranar da na zauna gyara rubutu mai shafi arba'in na gane kurena, saboda babu maɓallan kibiya, babu Delete, kowane ɗan motsi sai na danne Fn, maɓallin da ke sauya aikin sauran maɓallai, da ƙaramin yatsa ina laluben wani maɓallin. Na 65% yana da maɓalli 67 ko 68, ya fi wancan faɗi da layi ɗaya kacal, amma kibiyoyin suna nan a wurinsu.

Abin da masu talla ba sa faɗa, tunda ba a Bauchi suke zaune ba, shi ne ƙurar hunturu. A watan Janairu na farko maɓallin W ya fara yi mini gardama, in danna sau ɗaya ya rubuta biyu, wani lokacin kuma ya ƙi ji sam ana tsakiyar artabu. Suwic ɗin a like yake da dalma, don haka sai da na kai shi wurin wani mai gyaran waya a Wunti, ya kwance kusoshi, ya narka, ya sauya, rabin yini ya tafi a kan maɓalli guda. Wanda nake amfani da shi yanzu, ɗan hantsaki nake sa wa in zaro mai ciwon in cusa sabo, ko minti biyu ba a yi. Sai dai ka tambayi mai kaya irin ramin da ke jikinsa, domin wasu masu arha ba sa karɓar komai sai suwic mai siraran ƙafafu irin na kamfanin Outemu.

Batun launin suwic, wanda ke nuna irinsa, ba shi da wahala. Ja yana sauka sumul, nauyinsa kusan giram 45 ne a ma'aunin kamfanin Cherry na Jamus, kuma yana amsawa a milimita 2 cikin 4 da maɓallin ke sauka. Shuɗi kuwa ƙas-ƙas ɗinsa zai haɗa ka faɗa da abokin ɗaki da ƙarfe ɗayan dare. Suwic ɗin kamfanonin Gateron da Kailh na Sin sun wadatar, ba dole sai Cherry ba.

Ka yi wasa da waya a jone, ka bar Bluetooth don rubutu, saboda yana da ɗan jinkiri. Kibod masu suwic na maganaɗisu irin na kamfanin Wooting suna da sauri ƙwarai, amma kuɗinsu ya wuce aljihun ɗalibi, ga shi tun Agustan 2024 Valve, kamfanin da ya ƙirƙiri Counter-Strike 2, ya haramta dabarar da kibod ke sauya hagu da dama da kansa a wasan naka.

Idan kayan sun iso, ka nemi ƙarin suwic biyar ko shida ka ajiye a leda, sannan ka riƙa lulluɓe kibod ɗin da ƙyalle duk lokacin da za ka fita lacca.