Tambaya da Amsa: Fitilun Fakin Sun Mutu, Daga Ina Za a Fara Bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata Toyota Corolla ce, kuma yau kusan mako biyu ke nan ƙananan fitilun fakin na gaba da na baya duk sun daina kamawa, haka ma fitilar lamba da hasken dashbod, amma manyan fitilu da sigina suna aiki lafiya lau. Na canja fiyus sau biyu, yana ƙonewa da zarar na murɗa makunni. Wani mai gyara ya ce in bari ya sa mini babban fiyus a huta. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda, kuma idan ya riga ya sa, a cire shi yau. Fiyus an yi shi ne domin ya ƙone kafin waya ta ƙone, kuma an auna girmansa ne da kaurin wayar da yake karewa. Idan aka sa na amfiya 20 ko 30 a gurbin na amfiya 10, wutar da ta wuce kima za ta ci gaba da bi ta cikin siririyar waya har robarta ta narke, sau da yawa a cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda ido ba ya kaiwa sai hayaƙi ya fito. Masu naɗa zaren waya ko takardar gwangwani a gurbin fiyus kuwa, nasu ya fi muni.

Bayanin da ka kawo ya riga ya yi mana rabin aikin. A irin wannan matsala, sanin waɗanne fitilu ne suka mutu da waɗanne ne suka rage shi ne yake nuna inda cutar take. Da a ce fitila ɗaya ce ta mutu, da sai mu ce ƙwai ne ko soket ɗinsa. Amma tunda na gaba da na baya da na lamba da na dashbod sun ɗauke a lokaci guda, to abin da ya haɗa su ne ya samu matsala, domin a yawancin motocin Toyota duk waɗannan suna shan wuta daga layi ɗaya, ta fiyus ɗin da aka rubuta wa TAIL a murfin akwatin fiyus, wanda galibi na amfiya 10 ne ko 15. Launi ma yana taimakawa wajen gane su: na amfiya 10 ja ne, na 15 shuɗi, na 20 rawaya, na 30 kore.

Ka lissafa da kanka ka gani. Kowane ƙwan fakin wat 5 ne, ƙwai huɗu da na lamba biyu sun zama wat 30, idan aka raba da volt 12 za a samu amfiya biyu da rabi kacal. Ko an ƙara hasken dashbod, nauyin bai kai rabin abin da fiyus na amfiya 10 zai ɗauka ba. Saboda haka ƙonewarsa nan take tana nufin akwai wurin da waya mai wuta ta goge take taɓa ƙarfen mota, abin da masu sana'a ke kira shot.

Hanyar gano wurin ba ta buƙatar a yi ta ƙona fiyus ɗaya bayan ɗaya. A samu ƙwan fitila mai wat 21, irin na burki ko na sigina, a haɗa masa wayoyi biyu, a soka su a ramuka biyu na gurbin fiyus ɗin, sannan a kunna makunnin fakin. Ƙwan zai tsare wutar kada ta wuce kusan amfiya biyu, don haka babu wayar da za ta yi zafi, kuma muddin shot ɗin yana nan zai haska da cikakken ƙarfinsa. Daga nan sai a fara zare fulogin fitilun ɗaya bayan ɗaya, na baya hagu, na baya dama, na lamba, sannan na gaba, ana duban ƙwan gwajin. Duk inda aka zare aka ga haskensa ya faɗi ƙasa sosai ko ya mutu, to reshen da ke da laifi ke nan. Idan an zare duka bai canja ba, sai a bi damin wayar da hannu ana girgiza shi a hankali, domin wayar da ta goge takan rabu da ƙarfe idan an motsa ta, sai a ga ƙwan yana ƙyaftawa.

Wurare uku nake fara dubawa kafin ko'ina. Na farko shi ne inda wayoyi suke ratsawa daga jikin mota zuwa murfin but, kusa da maɗaurin murfin, domin buɗewa da rufewa na shekaru yana karya robar wayar da ke kai wuta fitilar lamba. Na biyu shi ne soket ɗin da ruwa ya shiga, wanda za ka ga cikinsa ya yi kore ko fari kamar an barbaɗa gishiri. Na uku kuwa, wanda mutane suka fi mantawa da shi, bayan rediyo ne. Akwai wata waya a can, galibi mai ruwan lemo, wadda aikinta ta rage ko ta kunna hasken rediyo idan an kunna fitilun fakin. Idan wanda ya sa sabuwar rediyo ya bar ta tsirara, ko ya ɗauke ta a matsayin negetif ya ɗaure ta a ƙarfe, fiyus ɗin zai riƙa ƙonewa duk lokacin da aka murɗa makunni. Ka tuna ko an taɓa rediyonka, ko an sa kyamarar baya, ko an yi aikin fenti a bayan motar gab da fara wannan matsala. Kafin a gyara kuma, ka guji tuƙin dare, domin manyan fitilunka suna haska maka gaba, amma wanda ke binka a baya ba ya ganin komai sai ka taka burki.

Tambaya: Ni kuma tawa matsalar abin mamaki ce. Idan na taka burki da rana, ba tare da na kunna ko wace fitila ba, sai in ga dashbod ya haska, yarana kuma sun ce fitilun fakin na gaba ma suna kamawa. Da dare kuwa fitilar baya ta hagu takan dushe idan na taka burki. An ce mini ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce ƙwaƙwalwa ce. Wutar burki ce take ɓacewa ta shiga layin fakin, kuma abu biyu ne suka fi jawo hakan, dukansu a cikin fitilar baya suke.

A motoci da yawa ƙwai ɗaya ne yake yin aikin burki da na fakin a baya. Idan kika ɗaga shi ga haske za ki ga zare biyu a cikinsa, ɗaya mai wat 21 na burki, ɗaya mai wat 5 na fakin, a gindinsa kuma akwai ɗigon dalma biyu, kowane da layinsa. Ana rubuta masa P21/5W, kuma 'yan ƙusoshin da ke gefensa ba a tsayi ɗaya suke ba, domin kada ya shiga a juye. To idan aka tura ƙwai mai zare ɗaya da ƙarfin tsiya a wannan soket, ɗigon dalmarsa guda da ke tsakiya yana iya taɓa ƙafafun soket biyu a tare, ya haɗe layin burki da na fakin. Haka ma idan zaren ɗaya ya tsinke ya kwanta a kan ɗan'uwansa. Na taɓa ganin motar da aka kwance mata dashbod gaba ɗaya, aka shimfiɗa shi a kan kujerar baya ana neman wannan cuta, alhali ƙwan da aka sa mata kwana uku kafin nan ne sanadi. Da aka zare shi aka ga dalmar gindinsa ta lotse ta baje a kan ƙafafun biyu.

Sai dai dushewar da kika ce fitilar hagu tana yi ta fi kama da abu na biyu, wato lalacewar negetif. Kowace fitila tana mayar da wutarta batir ta jikin ƙarfen mota, ta wata waya da aka ɗaure da noti a kusa da fitilar. Idan tsatsa ta ci wurin ɗaurin, ko notin ya saki, wutar burki takan rasa hanyar komawa, sai ta bi ta zaren fakin da baya, ta zagaya sauran fitilun da ke kan layin tana neman mafita. Shi ya sa dashbod yake haskawa da rana, shi ya sa kuma da dare, lokacin da layukan biyu duk suke da wuta, ƙwan yake dushewa ko ya mutu. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki guntuwar waya a taɓa jikin ƙarfen soket ɗin da gefe ɗaya, ɗaya gefen a kan ƙarfen mota mai tsabta wanda ba fenti, wani ya taka burki. Idan komai ya daidaita, an gano. Mai mitar auna wuta zai iya aunawa tsakanin negetif ɗin soket da negetif ɗin batir fitila na kunne, kuma abin da ya haura volt 0.2 alama ce ta mummunan haɗi. Maganinsa a kwance notin, a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa ɗan girisi a kai domin hana ruwa.

Tambaya: Na sayi Volkswagen Golf. Wasu lokuta idan na kashe mota na cire makulli, fitilun fakin na gefe ɗaya sukan tsaya a kunne, gaba da baya, har sau ɗaya batir ya yi sanyi da safe.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Motocin Jamus da yawa suna raba layin fakin gida biyu, hagu da dama, wanda a zanen wayoyinsu ake rubutawa 58L da 58R, kuma idan aka kashe inji aka bar sandar sigina a sama ko a ƙasa, fitilun wannan gefen ne za su tsaya a kunne, domin motar da aka ajiye a bakin titi cikin duhu ta kasance ana ganin gefenta. Ka riƙa mayar da sandar tsakiya kafin ka fita. Ƙwai biyu masu wat 5 ba sa cin amfiya ɗaya cikakke, don haka batir mai lafiya ya kamata ya kwana da su ya tayar da mota. Idan naka ya kasa, a auna shi, domin cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 bayan ya huta.

Tambaya: Na cire ƙwayayen fakin na asali na sa na LED saboda farin haskensu. Ɗaya bai kama ba sam, sauran suna ƙyafta ido, kuma dashbod yana nuna alamar ƙwai ya mutu.

Amsa: Wanda bai kama ba, Malam, ka zare shi ka juya shi ka mayar. Ƙwan asali mai zare ba ruwansa da ta inda wuta ta shigo, amma LED da yawa ba sa kamawa sai fozitif da negetif sun faɗa daidai. Ƙyaftawa da alamar dashbod kuwa daga ƙwaƙwalwar da ke kula da fitilu suke. A sababbin motoci makunni ba ya kai wuta fitila kai tsaye, saƙo kawai yake aika mata, ita ce take ba da wutar, kuma tana auna abin da kowane ƙwai yake sha. Ƙwan fakin na asali mai wat 5, wanda ake rubuta wa W5W, yana shan kusan amfiya 0.4, LED kuwa bai kai nan ba ko kusa, sai ta ɗauka ƙwan ya ƙone. Wasu motocin ma sukan aika 'yar gajeriyar wuta lokaci-lokaci domin gwaji, wadda ba ta isa ta haska zare ba amma ta isa ta sa LED ya ƙyafta.

Akwai LED da aka rubuta wa CANbus, waɗanda aka ƙara wa wani ɗan abu mai shan wuta domin ƙwaƙwalwar ta gamsu, sai dai suna yin zafi, kuma a cikin ƙaramin gidan fitila na roba zafin yana gajarta musu kwana. Ni dai a fitilar fakin na fi son a bar ƙwan da kamfani ya sa. Idan ka mayar da na asali alamar ba ta ɓace ba, kada ka bari kowa ya jona wa layin wuta kai tsaye daga batir domin gwaji, saboda hakan yana iya ƙona sashen ƙwaƙwalwar da ke ba wannan fitila wuta. A sa na'urar bincike a karanta abin da ta adana, domin wasu motocin sukan rufe layin da suka ga matsala a kansa har sai an goge saƙon.