Tafiyar minti shida kafin tiyata: ta isa a ce zuciyar Baba ba ta cikin haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya haura shekara 65, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma za a yi masa babban aiki a hanji. An sa shi kai da komowa na minti shida a barandar asibiti, aka ce ya yi ƙoƙari. Ke nan zuciyarsa za ta jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gwajin yana da amfani. Ana auna tsawon mita 30, mutum ya yi ta tafiya iya ƙarfinsa, a ƙirga nisan da ya ci, a kuma duba bugun zuciyarsa da iskar oksijin da ke jininsa. Babbar tiyata tana sa jiki ya nemi iska fiye da yadda ya saba, kuma wanda ke haki bayan 'yan taku ba shi da rarar ƙarfin da zai ɗauki wannan nauyin.

Sai dai ban so ku saki jiki. A binciken METS da aka buga a mujallar Lancet a 2018, an bi marasa lafiya 1,401 a Kanada da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand. An gano cewa kimantawar da likita ke yi da ido kan ƙarfin majiyyaci ba ta nuna wanda zai samu matsala. Tambayoyi 12 na DASI, wato takardar tambayoyi kan ayyukan da mutum ke iya yi, irin su ko yana iya hawa bene ko aikin gida mai nauyi, su ne suka fi hango mutuwa ko toshewar jijiyar zuciya (heart attack) cikin kwana 30 bayan tiyata. Ita kuwa tafiya, ciwon gwiwa kaɗai kan iya rage ta alhali zuciya lafiya lau take.

Abin da ya fi damuna shi ne raunin zuciya bayan tiyata yakan zo shiru. A binciken VISION na 2017, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka same shi ba su ji wata alama ba, domin magungunan kashe zafi na rufe ciwon ƙirji. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Kanada ta ce mai shekaru irin na Baba, idan gwajin jini na NT-proBNP (mai nuna ko zuciya na wahala) ya yi sama ko ba a yi shi ba kafin aiki, a riƙa auna masa troponin (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan zuciya ta ji rauni) kullum, na kwana biyu zuwa uku bayan aiki.

Ku zauna da likitan da zai sa shi barci, ku nemi a yi masa ECG (gwajin yadda zuciya ke bugawa), da NT-proBNP idan akwai, a kuma rubuta gwajin troponin tun kafin a shiga da shi. Kada ya daina kowane magani sai likitan ya ce.